Gudun Mai Unguwa Cikin Marka

Turawa,
farkon watan Agusta.

Zuwa ga aminiyata Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Shitu da yara baki ɗaya. Yaya ruwa, yaya kasuwa? Ina fatan ciwon bayan nan naki ya sassauta. Mu nan sai godiyar Allah, gero ya yi kyau, gyaɗa ma ta rufe ƙasa.

Na san za ki ce me ya sami Ummulkhairi, ga waya a hannu ta koma rubuta takarda kamar muna aji shida. Ki yi haƙuri da ni. Wayarki ba taki ba ce ke kaɗai, kullum tana hannun yara, ni kuma a gidan nan in na ɗaga murya har maƙwabta sai sun ji. Maganar kuwa daga ni sai ke. Shi ya sa na ba Jibo direba, tunda motarsa na zuwa Rogo, kuma shi ba mai bin diddigi ba ne. In kin karanta ki sa ta a murhu.

Mai Unguwa ba shi da lafiya. Tun bayan babbar sallah na ga maigidan nawa yana zubewa, riga tana yi masa yawa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da ƙyar Lukumanu ya lallaɓa uban ya kai shi asibiti a Karaye, aka auna aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. An ba shi magani, an raba shi da shayinsa mai zaƙi, sannan likita ya ce lallai kullum ya riƙa tafiya da sauri har sai ya yi gumi. Kin tuna yayansa marigayi, yadda ciwon nan ya cinye masa ido har sai da aka riƙa jan sa da sanda zuwa masallaci. To wannan ne ya tsaya wa Mai Unguwa a rai. Ya ce shi in Allah ya yarda ba za a ja shi ba. Kin san halin mutumin, in an ce ya ɗebo ruwa a kofi sai ya kinkimo tulu. Tafiya da sauri ta koma gudu.

Gudu fa, Sadiya. Mutumin da ko gobara ake yi sai ya gyara zaman hularsa kafin ya taka.

Sai dai ba ya so kowa ya sani. Wai mai unguwa ba ya gudu, ranar da aka gan shi yana gudu to gari ne zai watse, kowa ya ɗauki ɗansa ya bi bayansa. Don haka ya yi dabara. In an idar da sallar asuba ba ya dawowa gida, sai ya zagaya ta bayan masallaci ya faɗa burtalin da ke tsakanin gonaki, inda dawa da gero suka fi mutum tsawo. Kuma ranar da ya fi so ita ce ranar da ake marka, don ya san ruwa ya tsare kowa a ɗaki. Ranar da gari ya waye garau sai ki ga yana ɓata rai.

Bari ki ji shigar da yake yi. Kaftani na shadda da wandonsa, rigar sanyi ta ulu daga ciki, hula, da takalminsa sau-ciki na fata, wanda yake zuwa fada da shi, ba ko safa. In ya ji motsin mutum sai ya tsaya cak, ya goya hannu a baya, in an gaishe shi ya ce zagayen gona ya fito. Haka yake dawo min jiƙe sharkaf, haƙora na haɗuwa, leɓe ya yi fari. Rigar ulun nan in na matse ta sai na cika kwano. Ga ba rana, kaya ba sa bushewa, ɗakin duk warin danshi. Na yi magana ya ce sanyi ake yi, ai dole ya yi kauri da kaya. Ni kuwa gani nake kayan ne ke riƙe masa sanyin a jiki.

Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron ciwon, ina kuma tsoron maganin da ya ɗaukar wa kansa. Hana shi ba zai yiwu ba, na gwada.

Abin da nake roƙo shi ne, in Malam Shitu ya fasa dilar gwanjo, ki duba min irin kayan da masu gudu ke sawa cikin ruwa da sanyi. Ni ban san sunansu ba, ku ne kuke cikin harkar. Jikinsa yanzu kamar na Malam Shitu, sai dai ya ɗara shi tsawo. Ga tsinken tsintsiya nan na naɗe a cikin takardar, daidai tsawon takalminsa ne. Don Allah masu duhun launi. In an tambaye ki, ki ce na Lukumanu ne.

Ki gaida mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Ummulkhairi.

Turawa,
tsakiyar Agusta.

Aminiyata Sadiya,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Ina fatan kowa lafiya, kuma rufin shagonku bai sake yoyo ba. Jibo ya kawo min ƙullin kaya da takardarki. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Na karanta bayaninki har na haddace. 'Yar rigar nan mai santsi irin ta 'yan ƙwallo ita ce ta ciki, don ba ta shan ruwa, ba ta riƙe gumi. Marar nauyin nan mai hula ita ce ta sama, iska ba ta ratsa ta. Kada a jibga kaya, tunda jiki da kansa yake ɗaukar zafi in an fara gudu. In ya dawo ya tuɓe nan take, kada ya zauna da jiƙaƙƙen kaya, takalmin kuma a cusa masa takarda ya tsotse ruwan. Na tsoma 'yar rigar a bokiti don in gani da idona, na shanya ta a rumfa, kafin in sauke tuwo ta bushe. Lallai duniya da abin mamaki.

Amma Sadiya, ke ma da neman magana. Na ce miki masu duhu, sai ga kambas kore shar da ratsin ruwan ɗorawa. Na gani kin ce shi kaɗai ne ya yi daidai da tsinken, na yarda. To hular hana-sallah fa? Wai don kada ruwa ya riƙa dukan ido. Mai unguwa guda da hana-sallah.

Jiya bayan la'asar na samu ya yarda zai gwada. Sai da ya sa na kori jikoki waje, na sakaya ƙofa. Na juya baya har ya gama. Da ya ce in duba na waiwayo, sai na ga wani mutum tsaye a tsakar ɗaki, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hana-sallah, wando ya kama ƙauri, ƙafafu sirara kamar na zalɓe, ga koren takalmi yana ta ƙyalli. Kuma ya goya hannu a baya yadda ya saba, ya haɗe fuska. Ke kin san ni da dariya. Na danne, na danne, ta ƙwace. Sai da na zauna a bakin gado ina share hawaye.

Shi bai yi dariya ba. Ya tuɓe kayan a hankali, ya ninke su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin leda ya ɗaure. Ya ce to ga shi ni da nake matarsa, wadda na san dalili, ban iya riƙe kaina ba, ina ga mutanen gari. Ya ce da kaftaninsa in aka ci karo da shi yana da abin cewa, amma da waɗannan me zai ce ya fito yi? Gobe in ya zauna raba rigimar iyakar gona, wa zai saurari mutumin da aka gani cikin dawa da shigar 'yan ƙwallo?

Na ba shi haƙuri har na gaji. Ya ce ba komai, ya wuce. Amma kin san "ba komai" ɗin maza. Yau da asuba ana yayyafi ya fita da kaftaninsa da sau-cikinsa kamar kullum.

Ina ganin in ya huce zai sauko. Na ajiye ledar a inda idonsa zai riƙa faɗawa a kai. Ki taya ni addu'a, kuma kada ki yi dariyar nan a gaban Malam Shitu, ni ma da na sani da na ciji harshena.

Gaisuwa ga yara. Na ba Jibo ɗan zogale da kuɓewa ya kawo miki.

Ƙawarki,
Ummulkhairi.

Turawa,
ƙarshen Agusta.

Sadiya 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan ruwan nan bai yi muku ɓarna ba. Mu nan katangar bayan gidanmu ta zube, amma ba ta taɓa kowa ba, alhamdu lillahi. Na ji daɗin takardarki, kuma na bi shawarar da kika ba ni.

Na lallaɓa shi kamar yadda kika ce, na ce to ya sa abin da ido ba zai gani ba. Ya yarda da 'yar rigar cikin, ya ajiye ta ulun. Da kansa ya ce min ya ji bambanci, jikinsa ya daina yin nauyi, karkarwar ma ta ragu. Na ce to saura takalmi. Nan ya kafe. Wai takalmi ba ya ɓuya, kuma ko sawunsa aka gani a taɓo sai yara sun bi shi har ƙofar gida. Na ce ko safa ce ya sa, ya ce sau-cikin ya matse, ba za ta shiga ba. Na haƙura, don ni duk tunanina a kan ƙirjinsa yake, tari nake jira. Kullum in ya dawo sai in kara takalmin a gefen murhu ya bushe kafin gobe. Fatar ta ƙandare ta yi tauri, ni ko a jikina, gani nake gata nake yi masa.

Kuma da ya koma asibiti aka ce sugan ya sauka, likita har ya yaba masa. Ya dawo gida yana fara'a, rabon da in ga haƙoransa na manta. Ya ƙara nisan gudun.

Sadiya, ashe an gudu ba a tsira ba.

Kwanakin baya na fara jin wani wari a ɗakinsa. Na ɗauka ɓera ne ya mutu, na janye gado, na ɗaga tabarma, na share ko'ina, ban ga komai ba. Sai na ga tabo a kan sallayarsa, wajen da yatsun ƙafa ke dafawa. Shekaranjiya bayan azahar na shiga kai masa abinci ba sallama, na tarar da shi ya ɗora ƙafar hagu a kan gwiwa yana barbaɗa wani gari. Ya yi sauri zai rufe da riga. Na dire kwanon na riƙe ƙafar. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi masa haka ba.

Gefen ƙaramin yatsa ne. Takalmin ya goge wurin ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, ya zama rami. Bakin ramin ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu, in kin taɓa zafi rau. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce an ɗan kwana biyu. Na ce kuma a haka kake gudu a kanta cikin taɓo? Ya ce ai ba ta yi masa ciwo, ko kaɗan ba ya jin komai, abin da ba ya ciwo kuwa ba abin tayar da hankali ba ne. Ashe har ya kira wanzami a ɓoye ya tsaga masa, ya ce wa wanzamin ƙaya ce ta soke shi a gona. Garin da yake barbaɗawa shi ya ba shi.

Ranar na manta da ladabi. Na ce masa da muguwar rawa gara ƙin tashi, na ce mutuncin da yake tattali ba zai yi masa tafiya ba in ƙafa ta lalace. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Da na gama sai ya ce akwai zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya da dagaci ya ɗora masa, in ya tashi a tsakiya za a iya zubar da jini, in an gama zai je asibiti. Ya kuma ce bai yarda in gaya wa Lukumanu ba.

Gudun dai ya tsaya, don takalmin ya daina shiga. Yanzu da silifa yake fita, ya saki wando ya rufe, yana takawa a hankali kamar mai nazari. Mutane na cewa Mai Unguwa ya ƙara nutsuwa.

Na gaya wa Lukumanu yau da safe. Na san uban zai yi fushi da ni, ya yi ta yi. Raina a ɓace yake, Sadiya, ban san da wa zan yi faɗa ba, da shi, ko da kaina, ko da garin nan da ba ya barin babba ya zama marar lafiya kamar kowa.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Malam Shitu, ki ce ina yi masa fatan alheri.

Taki,
Ummulkhairi.

Kano,
cikin watan Satumba.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni da rubutun nan, a kan cinyata nake yi, a barandar asibiti. Na ga kiranki a waya, ban ɗauka ba don ɗakin cike yake da mutane, kuma in na ji muryarki kuka zan yi.

Bai ƙarasa zaman sulhun ba. Lukumanu ya yi ta fama da shi ya ƙi, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya fara sambatu yana kiran sunan yayansa. Mota ta kasa shigowa unguwarmu saboda taɓo, sai a amalanken shanu aka ɗora shi zuwa bakin titi, ana yayyafi, na rufa masa bargo da leda. Duk wanda ke da ƙafa a unguwar ya fito ya raka mu. A Karaye suna kwance ƙafar suka ce mu wuce Kano kada mu tsaya ko'ina.

Likitan nan ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce ciwon suga in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, mutum sai ya taka ƙusa bai sani ba. Ya ce ƙafar da ta wuni a jiƙe fatarta laushi take yi, takalmi mai tauri kuwa ya yi ta cin ta. Ya tambaye ni wane irin takalmi yake sawa, na faɗa masa gaskiya duka, har gudun. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce gudun ba laifi ba ne, da an kula da ƙafar.

Yanzu baƙin ya wuce yatsu ya hau tafin ƙafa. Sun ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma da gaggawa, in ba haka ba gubar za ta gama shiga jini, daga nan sai dai haƙuri. An yi masa ƙarin ruwa da allurai, hankalinsa ya dawo, aka gaya masa. Ya ce bai yarda ba. Yadda Allah ya ba shi jikinsa haka zai mayar masa. Ya ce da wace ƙafa zai tsaya a sahu, da wace zai durƙusa gaban dagaci? Likitoci kuma sun ce ba za su taɓa shi ba sai da yardarsa, tunda yana cikin hankalinsa.

Masu zuwa dubiya ba sa taimakona. Wannan ya ce akwai mai magani a wajen Yola ta nan Karaye, wancan ya ce asibiti ba su san komai ba sai yanka. Shi kuma yana gyaɗa musu kai. Jiya da suka watse na matsa kusa da shi, na ce ni ba ƙafa na aura ba. Na ce ya bar min sauran, zan yi masa tafiyar, zan kai shi duk inda yake so. Na ce in don dariyar da na yi ne yake hukunta ni, to ta ishe ni haka. Ya ce ba ruwan dariyata, shi ya zaɓa da kansa. Daga nan ya juya fuska bango.

Ina son mutumin nan, Sadiya. Ban taɓa faɗa wa kowa da baki ba, sai yau da nake jin haushinsa kamar in shaƙe shi. Yana kwance yana zaɓar mutuwa a gabana, cikin natsuwa, kamar mai zaɓen hula.

Kada ki taso yanzu, ba wurin kwana, ni ma a tabarma nake. Ki dai sa yara su yi mana addu'a. Lukumanu zai ba Jibo wannan a tasha.

'Yar'uwarki,
Ummulkhairi.

Kano,
ƙarshen Satumba.

Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya da iyalinki duka. Na gode da saƙon fura da kika aiko, na gode da addu'a. Allah ya bar mu tare.

An yi aikin. Yana raye, zazzaɓin ya sauka, likita ya ce in Allah ya so an tsallake.

Ba roƙona ne ya sauko da shi ba, ba kuma kukan Lukumanu ba. Wani dattijo ne a gadon da ke kusa da namu, mutumin kirki, kullum sai sun gaisa. Ran nan da safe aka kawo masa koko ya kasa sha. Ya kira nas ya yi ƙasa da murya, ya roƙe ta a canza masa gado, wai ya yi iya haƙurinsa amma warin ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauka Mai Unguwa barci yake. Ni na ga idonsa a buɗe. Aka tura gadon dattijon can ƙarshen ɗaki, sauran marasa lafiya kowa ya kau da kai. Ba a jima ba Mai Unguwa ya ce in kira masa likita. Kunyar da ta hana shi sa takalmi ita ce ta sa ya ba da ƙafar. Na rasa ko godiya zan yi mata ko tsinuwa.

Tun da ya farfaɗo ba ya doguwar magana. Yana cin abin da na ba shi, yana sallah a kwance, in an zo dubiya ya ce alhamdu lillahi. Wani lokaci sai in ga ya miƙa hannu zai sosa inda babu komai, sai ya mayar da hannun a hankali ya duba ko na gani. Ni kuma sai in yi kamar ina gyaran kwanuka. Ya aika wa dagaci cewa a nemi wanda zai riƙe unguwa. Tambaya ɗaya ya yi min, ko an yi wa ƙafar sutura yadda ya kamata. Na ce an yi, Lukumanu ya kai ta gida, shi da liman sun binne ta a maƙabartarmu. Ya ce madalla.

Abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa kowa ba, shi ne yadda aka samo suturar. Ranar aikin, da suka ce za su ba mu ita mu binne, Lukumanu na can yana neman jini, ba wanda zan aika. Na yafa mayafi na fita bakin asibiti, na tambaya aka nuna min shagon wani tsoho mai sayar da yadi. Na ce farin alawayyo nake so, irin na likkafani. Ya ce na babba ko na yaro? Sai na ware hannuwana na nuna masa tsawon.

Ya dubi tsakanin hannuwan nawa, ya dube ni. Ya yanko yadin ya ninke da kyau, ya miƙo min da hannu biyu. Ya sassauta murya ya ce in yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, ya ce irin waɗannan ba su da hisabi, suna can suna jiran iyayensu a ƙofar Aljanna. Ya yi ta yi min addu'a, mutanen da ke zaune a bencinsa suka ɗaga hannu suna shafawa.

Na tsaya rungume da yadin a ƙirjina, a bakin titi, na ce amin. Na karɓi gaisuwar, Sadiya. Tun da aka fara abin nan ba wanda ya yi min ta'aziyyar komai, kowa cewa yake in gode wa Allah, kuma na gode. Amma a wurin nan na yi kukan da ban samu yi ba, suka bar ni na yi har na gaji, ba wanda ya ce in yi shiru.

An ce za a sallame mu in ɗinkin ya kama. Yanzu kam ki zo. Kada ki kawo komai, ki zo kawai ki zauna kusa da ni.

Ki gaida Malam Shitu da yara. Allah ya ba mu ikon cin jarrabawa.

Taki har kullum,
Ummulkhairi.